Awon Ruwa da Mazubai Biyu: Lissafin da Ke Cikin Wani Wasa Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wasa ƙwaƙwalwar nan na mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, alhali jirginsa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu guda. Akwai wani wasa ƙwaƙwalwar makamancinsa wanda ya shafi awo. Za a ba mutum mazubai biyu masu girma daban-daban, waɗanda babu wata alamar awo a jikinsu, a ce ya fitar da wani adadi na ruwa daidai, ba ragi ba ƙari. Yawancin ɗalibai sukan warware shi ta hanyar gwaji, su zuba nan su juye can har su dace. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba a bukatar dacen. Akwai lamba ɗaya wadda, in aka same ta, za ta gaya wa mutum tun kafin ya ɗebi ruwa ko awon zai yiwu ko ba zai yiwu ba, kuma akwai hanya ɗaya mai sauƙi da ke kai shi ga amsa duk lokacin da amsar take akwai.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ko da yake Nijeriya ta koma ga awon lita da kilo tun shekarun 1970, har yau mudu da tiya da kwalba da garwa su ne ma'aunan da jama'a suka fi amfani da su a kasuwannin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kuma a gidaje kaɗan ne ake samun kofi mai layukan awo. Abin da ake da shi shi ne mazuban da aka san cikinsu: jarka mai cin lita 25, garwa mai cin kimanin lita 18, galan mai cin lita 4 ko 5. Tambayar ita ce, waɗanne adadai ake iya fitarwa daga irin waɗannan mazubai?

Matsala ta Farko: Lita 4 daga 5 da 3

Mu ɗauki misalin wani manomin wake a Wonaka, cikin ƙaramar hukumar Gusau ta Jihar Zamfara. Zai yi feshin maganin ƙwari, kuma bisa ga umarnin da ke jikin kwalbar, maganin da ya rage masa yana bukatar ruwa lita 4. Wannan ba wurin ƙiyasi da ido ba ne, domin idan ruwan ya gaza maganin yana iya ƙona ganye, idan kuma ya yi yawa maganin zai yi rauni, a yi hasarar kuɗi da wahala. Manomin yana tsaye a bakin rijiyar burtsatse, ruwa a wadace, amma abin da ke hannunsa galan ne mai cin lita 5 da kwano mai cin lita 3.

Abubuwa uku kaɗai aka yarda ya yi. Yana iya cika mazubi har baki. Yana iya zubar da abin da ke cikin mazubi gaba ɗaya. Yana kuma iya juye wani cikin wani, har sai na zubawa ya ƙare ko na karɓa ya cika. Tsayawa a tsakiya da cewa "wannan ya kai rabi" ba ya cikin sharaɗi. Don sauƙin rubutu za mu riƙa sa lambobi biyu cikin baka, ta farko abin da ke cikin galan, ta biyu abin da ke cikin kwano.

Mataki na 1: a cika galan. (5, 0)
Mataki na 2: a juye cikin kwano har ya cika. (2, 3)
Mataki na 3: a zubar da na kwano. (2, 0)
Mataki na 4: a juye lita 2 ɗin cikin kwano. (0, 2)
Mataki na 5: a sake cika galan. (5, 2)
Mataki na 6: a ƙarasa cika kwano daga galan. (4, 3)

A mataki na ƙarshe gurbin lita 1 kaɗai ya rage a kwano, don haka lita 1 ce ta bar galan, aka bar lita 4. Bukata ta biya cikin matakai 6.

Akwai hanya ta biyu, wadda ake farawa da ƙaramin mazubi. A cika kwano a juye cikin galan, a sami (3, 0). A sake cika kwano a juye; galan zai karɓi lita 2 ya cika, a bar lita 1 a kwano, wato (5, 1). A zubar da na galan, a juye lita 1 ɗin a cikinsa, a sami (1, 0). Sai a sake cika kwano a juye, a sami (4, 0). Wanda ya ƙirga zai ga matakai 8 ne.

Abin da Lambobin Ke Faɗi

Idan muka ajiye mazuban muka dubi lissafin kaɗai, za mu ga wani abu. A hanya ta farko an cika galan sau 2, wato lita 10 suka shigo, an kuma cire cikin kwano sau 2, wato lita 6 suka fita:

(2 × 5) − (2 × 3) = 4

A hanya ta biyu an cika kwano sau 3, an zubar da cikakken galan sau 1:

(3 × 3) − (1 × 5) = 4

Ashe duk juye-juyen da aka yi tarawa ce da ɗebewa, ana tara cikin wani mazubi ana ɗebe cikin ɗayan. Juye ruwa daga galan zuwa kwano ba ya ƙara jimillar ruwan da ke hannu, ba ya kuma rage ta. Ajiya ce kawai. Saboda haka kowace matsala irin wannan tana komawa ga tambaya ɗaya: sau nawa za a ɗauki lamba ta farko, sau nawa za a ɗauki ta biyu, har bambancinsu ya zama adadin da ake nema? Ɗalibin da ya amsa wannan a kan takarda ya riga ya san sau nawa zai je famfo.

Awon da Ba Ya Yiwuwa

Yanzu mu sauya mazuban. A ce manomin yana da bokiti mai cin lita 6 da galan mai cin lita 4, ana son ya fitar da lita 3. Mai karatu yana iya gwadawa tun safe har faɗuwar rana, abin da zai riƙa gani a mazuban shi ne 0, 2, 4 ko 6. Dalili kuwa, 6 da 4 duk lambobi ne cika, wato masu rabuwa biyu ba saura. In aka tara cika da cika, ko aka ɗebe cika daga cika, cika ake samu, alhali 3 mara ce.

Wannan ba ga lamba 2 kaɗai ya tsaya ba. Jarka mai lita 25 da bokiti mai lita 10 duk suna rabuwa da 5. Da su ana iya auna lita 5, 10, 15, 20 da 25, amma ba a taɓa samun lita 12. Lamba mafi girma da ke raba cikin mazuban biyu ba tare da saura ba, ita za mu kira babban ma'aunin tarayya. Ita ce littattafan lissafi na sakandare suke taƙaita sunanta da haruffan H.C.F. Na 6 da 4 shi ne 2, na 25 da 10 shi ne 5, na 5 da 3 kuwa 1 ne.

A lissafi gwaji sau dubu ba ya zama hujja, domin mai musu yana iya cewa da an yi na dubu da ɗaya da an dace. Ga hujjar da ke rufe bakin musu. Mu ɗauka muna da ɗan kofi wanda cikinsa ya yi daidai da babban ma'aunin tarayya. Ga jarka da bokitin nan, kofi ne mai cin lita 5. Jarka kofi 5 ce, bokiti kofi 2 ne. Da farko duka mazuban wofi ne. In aka cika ɗaya, cikakkun kofuna ne suka shiga. In aka zubar, ya koma sifiri. In aka juye, ɗayan biyu ne: ko dai duk abin da ke cikin na zubawa ya wuce, wanda cikakkun kofuna ne, ko kuma gwargwadon gurbin da ya rage a na karɓa ya wuce, shi ma gurbin cikakkun kofuna ne, tunda an ɗebe cikakkun kofuna ne daga cikakkun kofuna. Babu ko ɗaya cikin ayyukan uku da ke iya haifar da guntun kofi. Tunda lita 12 kofi 2 ne da guntu, ba za ta taɓa bayyana ba. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko: duk adadin da babban ma'aunin tarayya bai raba shi daidai ba, ba ya aunuwa da waɗannan mazubai.

Dalilin da Ya Sa Hanyar Ba Ta Kasawa

Sauran rabin tambayar shi ne, idan babban ma'aunin ya raba adadin, lalle ne a same shi? Amsa ita ce e, muddin adadin bai wuce cikin babban mazubi ba. Hanyar kuwa ita ce wadda muka bi ta biyu a sama: a yi ta cika ƙarami ana juyewa cikin babba, duk lokacin da babba ya cika a zubar da shi, a juye masa saurar da ke cikin ƙarami, a ci gaba.

Mu gwada da lita 7 da lita 3, muna rubuta abin da ke cikin babba bayan kowane zubi. Na farko 3, na biyu 6. Na uku zai kai 9, amma an zubar da 7, saura 2. Sai 5, sai 8 a cire 7 saura 1, sai 4, sai 7. Jerin ya zama 3, 6, 2, 5, 1, 4, 7. Kowace lamba daga 1 zuwa 7 ta fito sau ɗaya.

Wanda yake son ganin dalilin ya tuna da ranakun mako, waɗanda su ma 7 ne kuma suna zagayowa. A ce wani ɗan kasuwa yana fita cin kasuwa duk bayan kwana 3, ya fara lissafi daga Lahadi. Zai fita Laraba, Asabar, Talata, Juma'a, Litinin, Alhamis, sannan ya dawo Lahadi. Bai maimaita wata rana ba sai da ya taka dukansu. Me ya sa? Kafin ya dawo kan ranar da ya taɓa takawa, dole kwanakin da suka shige tsakani su zama cikakkun makonni, wato su rabu da 7. Kwanakin nan kuwa 3, 6, 9, 12, 15, 18 ne, babu mai rabuwa da 7 sai an kai 21, wato tsalle na bakwai. Tsalle bakwai ba maimaici a kan ranaku bakwai yana nufin an taka kowace rana. Haka abin yake ga kowaɗanne lambobi biyu da babban ma'aunin tarayyarsu 1 ne. Idan kuwa ya fi 1, kamar a 6 da 4, zagayen yakan rufe da wuri, 4, 2, 6, ya tsallake sauran lambobin. Amma ko a nan ya taka duk waɗanda 2 ke rabawa.

Idan muka haɗa ƙa'idojin biyu za mu sami cikakkiyar amsa: da mazubai biyu da wadataccen ruwa, adadin da ake iya aunawa shi ne duk wanda babban ma'aunin tarayya ya raba daidai, kuma bai wuce cikin babban mazubi ba. In akwai randa ko baho da za a riƙa tarawa, ko wannan iyakar ta ƙarshe ta kau.

Neman Babban Ma'aunin, da Tsadar Ruwa

Ga ƙananan lambobi ido ma yana gano babban ma'aunin tarayya. Ga manya akwai hanyar da masanin lissafin nan na Girka, Yuklid, ya bayyana a Iskandariyya ta ƙasar Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A raba babbar lamba da ƙarama, a riƙe saura. A raba ƙaramar da saurar, a riƙe sabuwar saura. A ci gaba har saura ta zama sifiri. Saurar ƙarshe kafin sifirin ita ce amsa. Mu gwada da jarka mai lita 25 da garwa, mu ɗauke ta a lita 18 cif:

25 = (1 × 18) + 7
18 = (2 × 7) + 4
7 = (1 × 4) + 3
4 = (1 × 3) + 1
3 = (3 × 1) + 0

Babban ma'aunin 1 ne, don haka da jarka da garwa ana iya auna kowace lita daga 1 zuwa 25. Amma yiwuwa daban, arha daban. Wanda ya bi layukan nan daga ƙasa zuwa sama, yana maye gurbin kowace saura da abin da ya haife ta, zai isa ga wannan:

(7 × 18) − (5 × 25) = 126 − 125 = 1

Wato don a sami lita 1 sai an cika garwa sau 7, an ɗebi lita 126. In aka fara da jarka abin ya fi muni, domin sai an cika ta sau 13:

(13 × 25) − (18 × 18) = 325 − 324 = 1

A lokacin bazara, sa'ad da rijiyoyi suka ja baya kuma ruwan 'yan garuwa ya yi tsada, bambancin lita 126 da 325 ba ƙarami ba ne. Darasi biyu ke nan. Na farko, a lissafa hanyoyin biyu a takarda a zaɓi gajera. Na biyu, ruwan da lissafi ya ce a zubar ba ƙasa za a kwarara shi ba, randa za a mayar da shi. Manomin namu kuma ya auna ruwansa tsabtatacce tukuna, ya gauraya maganin a cikin tankin feshi, kada magani ya taɓa mazubin da ake sha ko girki da shi.

Wani abin lura shi ne, lissafin ya ɗauka cewa cikin mazuban daidai yake da abin da aka faɗa. A zahiri kwalba ko jarka in aka cika ta har baki takan ci fiye da abin da aka rubuta a jikinta, kuma kowane juyi yana barin ɗigo a baya. Kuskure kaɗan in aka maimaita shi sau 7 ya zama babba. Wannan wani dalili ne na fifita hanya mai gajerun matakai, kuma inda abin ya shafi magani na sha, ma'auni mai layuka shi ne abin dogaro.

Idan Abin Ba Ya Zubuwa: Rabon Man Gyaɗa

Tsohon nau'in wannan matsala ba a bakin rijiya yake ba. Mata biyu sun haɗa kuɗi sun sayi man gyaɗa cikin tulu mai cin kwalba 8, suna son su raba daidai, kwalba huɗu-huɗu. Abin da suke da shi kwano ne mai cin kwalba 5 da wani mai cin kwalba 3. A nan babu famfo, babu kuma zubarwa. Sai dai in aka lura, tulun yana iya tsayawa a matsayin duka biyun: daga gare shi ake cikawa, cikinsa ake mayarwa. Matakan su ne na manomin Wonaka, an ƙara ɗaya a ƙarshe. Lambobin suna nuna tulu, babban kwano, ƙaramin kwano:

(8, 0, 0), (3, 5, 0), (3, 2, 3), (6, 2, 0), (6, 0, 2), (1, 5, 2), (1, 4, 3), (4, 4, 0)

Juyi 7 ke nan. Abin ya yiwu ne saboda man da ke tulun ya isa ya cika kwanonin biyu gaba ɗaya, tunda 8 daidai take da 5 a tara da 3. Idan bai isa ba, ƙa'idarmu tana iya kasawa, kuma ya kamata ɗalibi ya san iyakar kowace ƙa'ida da ya koya. Ga misali: tulu mai cin 10 a cike, da kwanoni masu cin 7 da 6, ana son a raba biyar-biyar. Babban ma'aunin tarayyar 7 da 6 shi ne 1, duk da haka rabon ba ya yiwuwa. Hujja: bayan kowane juyi, dole wani mazubi ya zama wofi ko wani ya cika. A ce yanzu 5 ta bayyana a wani mazubi a karo na farko. Sauran biyun sun raba 5 tsakaninsu, babu kuwa mazubin da 5 ke cikawa, don haka juyin ƙarshe ya ƙare ne da wofintar da ɗaya, aka sami biyar-biyar da wofi. To amma a wannan juyin mazubai biyu ne kaɗai suka yi aiki, wanda aka wofintar da wanda ya karɓa. Na ukun ba a taɓa shi ba, kuma yana da 5, ashe yana da ita tun kafin juyin. Wannan ya saɓa wa cewar da muka yi yanzu ne 5 ta fara bayyana. Saboda haka ba ta da hanyar bayyana sam.

Taƙaitaccen Tarihi

Matsalar 8, 5 da 3 ta daɗe tana yawo. Tana cikin rubuce-rubucen wani malamin Kirista mai suna Albert, na garin Stade a ƙasar Jamus, tun ƙarni na 13, kuma masanin lissafi na Italiya, Niccolò Tartaglia, ya tattauna irinta a ƙarni na 16. An ruwaito cewa irin wannan wasa ƙwaƙwalwa ne ya fara jan hankalin Siméon Poisson (1781–1840) zuwa ga lissafi yana matashi, ya kuwa zama ɗaya daga cikin manyan masanan Faransa. A 1995 wani fim na Amurka, Die Hard with a Vengeance, ya sa matsalar 5 da 3 da 4 a gaban miliyoyin masu kallo.

Lissafin da ke ƙarƙashinta ya fi ta tsufa. Bayan Yuklid, masanin Indiya Aryabhata ya bayyana a shekara ta 499 hanyar warware irin tambayar "sau nawa wannan, sau nawa wancan". A 1624 Bafaranshe Claude Bachet ya kafa hujjar cewa kullum ana iya samun babban ma'aunin tarayyar lambobi biyu ta ɗebe ninkin ɗaya daga ninkin ɗayar. A yau an fi danganta ƙa'idar da sunan wani Bafaranshen, Étienne Bézout (1730–1783), wanda ya faɗaɗa ta zuwa fannin aljabara. Amfaninta bai tsaya ga ruwa ba. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka fito da shi a 1977 kuma ake amfani da shi wajen tsare bayanai a intanet, da wannan hanya ta Yuklid yake lissafa mabuɗinsa na sirri.

Shawara ga Malamai

Wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaji. Gwangwani ɗaya a matsayin ma'auni, da robobi biyu da aka yanke su ci gwangwani 5 da 3, da bokitin ruwa ko yashi mai laushi, sun wadatar. Ya fi kyau a bar ɗalibai su fara da gwaji, amma a tilasta musu rubuta lambobin kowane mataki. Daga nan a ba su 6 da 4 su nemi 3, a bar su su gaji, sannan a tambaye su abin da suka lura da shi a lambobin da suka rubuta. Ɗalibin da ya gano da kansa cewa duk lambobin cika ne ba zai manta da ma'anar babban ma'aunin tarayya ba. Ga manyan azuzuwa, a sa su jera duk yanayin da mazubai 5 da 3 ke iya shiga. Za su sami 16, domin a kowane yanayi dole ɗaya ya zama wofi ko cikakke. Irin wannan jeri na yanayi da hanyoyin da ke haɗa su shi ne yadda ake koya wa kwamfuta neman hanya mafi gajarta.

Akwai kuma gargaɗi. A 1942 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Abraham Luchins, ya ba mutane jerin matsalolin tuluna uku, waɗanda duk hanya ɗaya ke warware su: a cika na biyu, a cire na farko sau ɗaya, a cire na uku sau biyu. Misali, da 21, 127 da 3 a sami 100. Bayan sun saba, sai ya ba su 23, 49 da 3, su nemi 20. Da yawansu suka bi doguwar hanyar da suka saba, alhali cire 3 daga 23 ya isa. Da ya ba su 28, 76 da 3 su nemi 25, inda tsohuwar hanyar ba ta aiki, da dama suka kasa, ga kuwa amsar a fili. Sabo da hanya ɗaya yana rufe ido. Don haka malami ya riƙa cuɗanya matsalolin: mai tsawo, mai gajarta, da wadda ba ta da amsa.

Kammalawa

Mun ga cewa cikawa da zubarwa tarawa ce da ɗebewa, cewa babban ma'aunin tarayya shi ke yanke hukuncin abin da ke aunuwa, kuma cewa maimaita zubi daga mazubi ɗaya zuwa ɗayan yana kaiwa ga duk adadin da ke aunuwa muddin ruwa ya wadata. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. A nan ruwan cikin shi ne ɗan lissafin da mutum zai yi kafin ya ɗauki guga. Ga tambayoyi huɗu domin gwaji. A kowace, a fara neman babban ma'aunin tarayya kafin a taɓa mazubi.

1. Da mazubai masu cin lita 9 da 4, a auna lita 6. Wace hanya ta fi gajarta, farawa da babba ko da ƙarami?
2. Da mazubai masu cin lita 15 da 9, waɗanne ne ke aunuwa cikin lita 3, 5, 6, 10 da 12?
3. Tulu mai cin 12 cike yake da madara, ga kwanoni masu cin 8 da 5. A raba shida-shida cikin juyi 7.
4. Da kwalba mai cin santilita 75 da wata mai cin 35, da baho na tarawa, ta yaya za a sami lita 1, wato santilita 100?